Taken Naɗin Sarakunan Ingila: Mu Saurara ko Mu Toshe Kunne?

 Yau na zo maka da wata tambaya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ga ta: mutum ya ji kiɗa mai daɗi har tsigar jikinsa ta tashi, daga baya ya gane an yi kiɗan nan ne domin a girmama mulkin da ya taɓa cin ƙasar kakanninsa. To, me zai yi da daɗin da ya ji? Ya tofar, ko ya haɗiye?

Bari in gaya maka mafarin tambayar. Ran Asabar 6 ga watan Mayu na 2023 muna zaune a rumfar wani mai shayi, an kunna talabijin, ana nuna naɗin Sarki Carls na 3 daga birnin Landan. Jama'a sun zuba ido ga dawaki da keken doki na zinariya. Ni kuwa kunnena ya tafi ga kiɗa. Da aka gama naɗi, sarki ya kama hanyar fita, sai makaɗa suka ɗauki wani take mai nauyi, ƙahoni da ganguna suka cika wuri. Ban san lokacin da na fara kaɗa ƙafa ba.

Wani dattijo da ke gefena ya dube ni, ya ce: "Mushe, na ga kana rawa daga zaune. Ka san kiɗan su wa ke nan?" Na ce: "Na sani, Baba, kiɗan Turawan Ingilishi ne." Ya ce: "To, su ne suka ci Kano. Kakana da ƙafa ya iso ƙasar nan saboda su." Bai yi maganar da fushi ba. Ya kurɓi shayinsa, ya maida ido ga talabijin. Ni kuma na tsayar da ƙafata, na rasa amsa.

Tun ranar nake juya maganar. Na sake sauraron kiɗan sau da yawa, na kuma bi tarihinsa. Abin da na samu shi ne zan shimfiɗa a gabanka, kai kuma ka auna da hankalinka. Amma kafin a yi wa abu shari'a, sai an san shi.

Yadda kiɗan yake

Tun shekara ta 1066 ake naɗa sarakunan Ingila a wata babbar majami'a ta Landan mai suna Wesminista. Bikin yana da tsawo. Sarki ya yi rantsuwa, a shafa masa mai, a miƙa masa kayan sarauta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ɗora masa kambi. Kafin wannan duka, sai manyan baƙi sun shigo a jere, in an gama kuma su fita a jere. A naɗin Sarauniya Elizabet ta 2, ran 2 ga watan Yuni na 1953, mutum fiye da 8,000 ne suka zauna cikin majami'ar. Ka ga shigar irin wannan taro ba aikin minti biyar ba ne. Dalili ke nan ake bukatar kiɗan tafiya, wanda mu za mu kira take.

Masu yin kiɗan ƙungiya ce babba wadda ake kira orkes. Kayansu iri huɗu ne. Akwai masu goge, daga ƙaramin da ake ɗorawa a kafaɗa har babban da ya kai tsawon mutum. Akwai masu busa kayan itace, dangin sarewa da algaita. Akwai masu ƙahonin tagulla. Akwai kuma masu ganguna, cikinsu har da wasu manya masu kama da tamburan sarki. A majami'a ana ƙara musu ogan, wato wani gagarumin abin kiɗa mai ɗaruruwan bututu, wanda iska ke bi ta cikinsu har ƙasa ta yi rawa. Madugu ɗaya yana tsaye gabansu da 'yar sanda, shi ke nuna musu inda za su ɗaga da inda za su sassauta. Kowane makaɗi kuma yana da takarda a gabansa, domin wanda ya tsara kiɗan ya rubuta wa kowa abin da zai yi. Saboda rubutun nan ne kiɗan da aka tsara a 1901 ake iya yin sa yau yadda mai shi ya so.

Ginin taken kusan iri ɗaya ne kullum, in ka gane shi ka gane sirrin. Da farko a fara da sauri, ganguna da ƙahoni suna tsalle kamar dawaki a filin sukuwa. Can sai komai ya lafa, goguna su fito da wata murya mai faɗi, mai tafiyar ƙasaita, a hankali, kamar ana yi maka raɗa. Kana cikin jin daɗinta sai a ɗauke ta, a koma ga saurin farko. Zuciyarka kuwa ta riga ta kamu, tana jiran muryar nan ta dawo. A ƙarshe ta dawo, amma wannan karon duk makaɗa ne suka ɗauke ta gaba ɗaya, da ƙahoni da ogan da ganguna. Nan ne tsigar jiki ke tashi. An ɗanɗana maka, an janye, sa'an nan an cika maka ƙwarya. Duk wannan a cikin abin da bai kai minti 10 ba.

Su wa suka tsara shi

Mutum biyu ne suka fi suna a wannan fage. Na farko Edwad Elga, an haife shi a 1857 a wani ƙauye kusa da garin Wusta, ya rasu a 1934. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa mai gyaran piyano ne, yana kuma da kantin sayar da kayan kiɗa. Elga bai shiga babbar makarantar kiɗa ba, a kantin ubansa ya koya wa kansa, yana karanta takardun kiɗan magabata. Yana saurayi ya yi aikin shugaban makaɗa a wani asibitin masu taɓin hankali. Ɗan Katolika ne, a ƙasar da dokarta ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta. Sai da ya haura shekara 40 duniya ta san shi.

A 1901 ya fitar da na farko cikin wasu take da ya raɗa wa suna Pomp and Circumstance, ma'ana alfarma da ƙasaita. Biyar ya kammala kafin rasuwarsa. Na huɗunsu, na 1907, shi ne wanda ya sa ni kaɗa ƙafa a rumfar mai shayi. A 1911 kuma ya tsara take na musamman domin naɗin Sarki Joj na 5.

Na biyu Wiliyam Walton, an haife shi a 1902 a Oldam, garin masaƙun auduga a arewacin Ingila, ya rasu a 1983. Mahaifinsa malamin waƙa ne. Muryarsa ce ta kai shi makarantar mawaƙan majami'a a Oksfod yana ɗan shekara 10. Shi ya tsara Crown Imperial, wato kambin daula, domin naɗin Joj na 6 a 1937, bisa roƙon gidan rediyon BBC. Ya bi sawun Elga ƙwarai, har wasu suka yi masa ba'a suka ce ai na shida ne cikin jerin Elga. A 1953 ya tsara Orb and Sceptre domin naɗin Elizabet ta 2. Sunan yana nufin dunƙulen zinariya da sandar mulki, waɗanda ake danƙa wa mai sarauta a hannu ranar naɗi. Wannan ya fi na farko walwala da zolaya, kamar mai shi yana murmushi yana rubutawa.

Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa: waɗanda suka yi kiɗan nan 'ya'yan masu sana'a ne, da gumin goshinsu suka kai inda suka kai.

Maganar dattijo gaskiya ce

Yanzu mu jera ranaku. An naɗa Sarki Edwad na 7 ran 9 ga watan Agusta na 1902. Domin bikin naɗin nan aka ɗauki muryar nan mai faɗi ta taken Elga na farko, wani marubuci mai suna Benson ya sa mata baituka na yabon ƙasa. A cikin waƙar da aka fitar wa jama'a har ana roƙon iyakokin daular su yi ta ƙara faɗi. To, ina aka ƙara faɗin? Ran 3 ga watan Fabrairu na 1903, wata shida bai cika ba bayan naɗin, sojojin Lugga suka ci Kano. A watan Maris suka shiga Sakkwato. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da jama'a masu yawa. Duk da sunan sarkin da aka yi wa taken nan aka yi. A shekarar da mutanen Landan ke rera waƙar faɗaɗa iyaka, a shekarar ne mutane irin kakan dattijon nan suka ɗauki kaya a ka suka bar gida.

Kada kuma ka ce kiɗan bai san komai ba. Ya san aikinsa sarai. Aikinsa shi ne ya sa mulki ya yi kyau a ido, ya yi daɗi a kunne, ya zama kamar dutsen da ba ya motsi. Mai wa'azi yana kawo hujja, kana iya ja da shi. Mai siyasa yana yin alkawari, kana iya ƙaryata shi. Kiɗa ba ya kawo hujja balle ka ja. Ta ƙirji yake shiga. Lokacin da muryar nan mai faɗi ta dawo da ƙarfinta, ma'aikacin masaƙa da ke bakin titin Landan, wanda bai ci ya ƙoshi ba, sai ya ji shi ma wani abu ne cikin babbar daula. Ba ya tambayar wa aka kashe kafin daular ta yi faɗi. Bindiga ita ke cin ƙasar nesa, kiɗa irin wannan shi ke kwantar da hankalin mutanen gida don kada su yi tambaya. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Wanda ya ce wannan zumar babu harbi bai faɗi gaskiya ba.

Amsoshi biyu masu sauƙi

Akwai masu cewa: "Kiɗa kiɗa ne, ba ruwansa da tarihi. Ka ji daɗinka kawai." Wannan amsa ban karɓe ta ba, kuma ka ga dalili a sama. Abin da aka saƙa domin biki, aka sa masa sunan kambin daula, ba za a ce ba ruwansa da daula ba. Mai wannan magana so yake ya ci nama ya ce bai san an yi yanka ba. Su kansu mutanen Ingila ba su yarda ba ruwansa ba. A 2020, da BBC ta ce za a yi taken Elga na farko ba tare da baitukansa ba a daren rufe babban bikin kiɗa da ake yi kowace shekara a Landan, ƙasar ta ɗauki gardama, wasu na murna wasu na fushi, har daga baya BBC ta janye aka rera. Abin da ba shi da ma'ana ba a yin faɗa a kansa.

Akwai kuma masu cewa: "Toshe kunnenka. Duk abin da ya fito daga hannun wanda ya zalunce ka ƙazanta ne." Wannan amsa ta fi ta farko mutunci, domin aƙalla tana tuna matattu. Amma mu bi ta mu ga inda za ta kai mu. Harufan da kake karanta wannan takarda da su, ta hannun Turawan mulkin mallaka suka iso mana. Ƙwallon ƙafa da yaranmu ke bugawa a kowace unguwa, a Ingila aka tsara dokokinta a 1863. In za mu zubar da duk abin da ya biyo wannan hanya, da me za mu tsira? Ban da haka, mai toshe kunne bai ci nasara a kan kiɗan ba. Ya nuna ne yana tsoronsa. Wanda kuwa bai taɓa lura da yadda take ke kama zuciya ba, shi ne zai fi saurin kamuwa ranar da wani mai mulki na kusa da shi ya kaɗa masa irinsa.

Kiɗa ya fi ubangidansa tsawon rai

Ga wani abu da na lura da shi cikin tarihin kiɗan nan, wanda ya buɗe mini hanya ta uku. Take ba ya zama inda aka ajiye shi.

Dubi 1937. An tsayar da ranar 12 ga watan Mayu domin naɗin Edwad na 8. A watan Disamba na 1936 sai ya ajiye sarauta, domin ya nace sai ya auri wata Ba'amurkiya wadda ta taɓa yin aure ta rabu, manyan ƙasa da na majami'a kuwa ba su yarda ba. Ba a canza ranar ba. Aka naɗa ƙanensa Joj na 6 a ranar da aka shirya wa wa, a majami'ar da aka gyara wa wa, aka yi taken Walton. Ka ga take bai san kan wa kambi zai sauka ba. Kujerar yake yi wa kirari, ko wa ya zauna.

Dubi taken Elga na farko. A 1901 ba shi da baiti ko ɗaya, daga baya aka ɗora masa. A 1905 wata jami'a ta Amurka mai suna Yel ta karrama Elga da digiri, aka yi taken a wurin bikin. Daga nan ya bazu, har ya zama kiɗan da ake yi wa ɗalibai a Amurka ranar da suke karɓar takardar kammala karatu. Ƙasar da ta yaƙi sarkin Ingila ta ƙwaci kanta a ƙarni na 18, ita ce ta maida taken daular Ingila taken 'yan makaranta. Yaran da ke tafiya da shi yau, cikinsu har da jikokin bayi da 'ya'yan baƙin haure, ba su yi wa kowane sarki mubaya'a ba.

Ga wanda ya fi kusa da kai. A 1727 wani Bajamushe mai suna Handal, wanda ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya tsara waƙoƙi huɗu domin naɗin Joj na 2. Ɗaya daga cikinsu ana rera ta a kowane naɗi tun daga lokacin, daidai sa'ad da ake shafa wa sarki mai. A 1992 aka ɗauki ƙashin bayanta aka gina taken gasar zakarun ƙwallon ƙafa ta Turai. In ka taɓa shiga gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba, ka ji jikan kiɗan naɗin sarkin Ingila, wataƙila ma ka bi shi da baki.

Daular kuwa ina take? Indiya ta fita a 1947, Gana a 1957, Najeriya ran 1 ga watan Oktoba na 1960. Kambin daular da Walton ya yi wa take a 1937, shekara 10 kacal ya ƙara kafin mafi girman yankinsa ya ɓalle. A naɗin 2023 baƙin da suka zauna cikin majami'a sun ɗan haura 2,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na taron 1953. Sarki goma, zamani goma. Mulkin da aka yi wa kiɗan ya naɗe tabarmarsa, kiɗan yana nan.

Ko a lokacin da daular ke kan ganiyarta, mai kunne zai ji wani abu ban da alfahari. Ka saurari taken da Elga ya yi a 1911. Da nauyi yake farawa, da duhu, kamar rakiyar gawa, ba kamar shagalin naɗi ba. Shekara 3 bayan haka aka shiga yaƙin duniya na farko. Kafin a fita daga cikinsa, 'yan'uwan Joj na 5 biyu, sarkin Rasha da sarkin Jamus, duk sun rasa gadonsu. Ban ce Elga ya san gaibu ba. Na ce dai makaɗi na gaske ba ya iya yin yabo tsantsa, abin da ke cikin ransa sai ya ɓullo.

Mu dubi gida

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce gare mu, ko da babu Bature a ciki. Ka tuna ranar salla a ƙofar fada, a Damagaram ko Maradi ko Tsibiri. An busa kakaki, algaita ta amsa, an buga tambari. Wane ne jikinsa ba ya amsawa? Amma kowa ya san kakaki na sarki ne shi kaɗai, ba a busa wa talaka. Kowa kuma ya san sarautun da ba madara zalla ba ne. An yi yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwanmu, an kai hare-hare, an kama bayi, an karɓi haraji da bulala. A cikin taron da ke kallon hawan salla akwai jikan wanda ya kai hari, akwai jikan wanda aka kamo. Dukansu suna jin daɗin algaita.

Shin jikan wanda aka kamo ya ci amanar kakansa? Ni ban ga haka ba. Yana yaba mai algaita ne, wanda ya shekara da shekaru yana koyon yadda zai riƙe numfashi a kumatu ya yi ta busa ba yankewa. Yana jin daɗin taron gari, da dawaki, da ranar farin ciki. Wannan bai hana shi sanin abin da aka yi wa kakansa ba, bai kuma hana shi faɗa ba in an tambaye shi. Mun daɗe da sanin yadda ake raba makaɗi da ubangidansa. Mun san kuma makaɗin fada na ƙwarai yakan soka gargaɗi da habaici a tsakiyar yabo, mai hankali ya tsinta.

To, in mun iya yin wannan rabewa a gida, me zai hana mu yi ta ga ɗan mai gyaran piyano na Wusta da ɗan malamin waƙa na Oldam?

Kunne biyu

Ga inda na tsaya. A cikin kowane taken sarauta akwai abu biyu a cuɗe. Akwai gwanintar wanda ya tsara da waɗanda suka kaɗa. Akwai kuma bukatar wanda ya biya. Gwaninta tana neman ka yaba, yabo kuwa hakkinta ne, domin aiki mai kyau aiki mai kyau ne ko daga hannun wa ya fito. Bukatar mai biya ita ce ka sunkuyar da kai ka daina tambaya. Kana iya ba da na farko ka hana na biyu. Amma sharaɗi ɗaya ne: sai ka san tarihi. Wanda bai sani ba, ba zai iya rabewa ba, domin bai ma san abu biyu ne ba. Duka zai haɗiye, da zumar da harbin.

Saboda haka in ka samu dama ka saurari ɗaya daga cikin taken nan, a rediyo ko a salularka, ka saurara da kunne biyu. Kunne ɗaya ka ba kiɗan. Ka jira inda sauri zai lafa, ka ji yadda goguna ke shigo da muryar nan a hankali, ka lura da yadda aka ɗauke ta, ka ƙidaya tsawon jiran da aka sa ka yi kafin ta dawo. Ɗaya kunnen ka ba tarihi. Ka tambayi kanka: a wace shekara aka yi wannan, wa aka yi wa, me ke faruwa a Kano ko a Dilli a shekarar? In kiɗan ya ƙare, ka yi wa kanka gwaji ɗaya. In abin da ya rage a ranka shi ne mamakin abin da ɗan Adam ke iya yi da itace da tagulla da fata da iska, ka ci riba. In kuwa ka ji kana raina naka, kana ganin masu wannan kiɗa sun cancanci su mallaki wasu, to kiɗan ya yi maka aikin da aka biya shi ya yi, sai ka farka.

Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, wanda ciwon bai warke masa ba, ya ce shi ba ya son ji, yana da iko. Ba a tilasta wa mai makoki rawa, ba a kuma kiransa jahili. Na biyu, wannan darasi bai tsaya ga Ingila ba. Kowane mai mulki, na nesa da na kusa, na rawani da na kaki da na ƙuri'a, yana da makaɗansa. Wanda ya koyi sauraron taken Landan da kunne biyu, ya koyi sauraron na ƙofar gidansa ke nan.

Bayan 'yan makonni na sake iske dattijon nan a rumfar mai shayi. Na gaishe shi, na zayyana masa abin da na zayyana maka, tun daga Elga har zuwa gidan kallon ƙwallo. Ya saurara har na gama. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi: "Mushe, ka ji kiɗanka, ban hana ka ba. Amma duk yaron da ka gaya wa sunan makaɗin, ka gaya masa shekarar da aka ci Kano." Na ce: "Na ɗauki alkawari, Baba." Ga shi yau na cika, na gaya maka duka biyun.

Kai kuma, mai karatu, ka kai wannan tambaya majalisarku, ku tattauna da manya da yara, ku ji abin da kowa zai ce.